Tallafin Gwamnati na Samar wa Matasa Aiki da Tarkunan da ke Tattare da Shi

Ɗaya daga cikin tsofaffin hukumomin koyar da sana'a a Najeriya ita ce NDE, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1986, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya sa masana'antu suna ta sallamar ma'aikata. Hanyarta ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: a damƙa matashi hannun tela ko kafinta ko mai walda ko bakanike, ya zauna ƙarƙashinsa har ya iya. Ita ce kuma ta gudanar da shirin ɗaukar mutum 774,000 a 2021, mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, ana biyansu naira 20,000 a wata na tsawon wata uku.

Wanda ya fi shiga bakin mutane shi ne N-Power, da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar a 2016 domin 'yan shekara 18 zuwa 35. Rukunin farko ya ɗauki mutum 200,000, na biyu 300,000. An tura masu digiri da NCE makarantun firamare, da asibitocin sha-ka-tafi, da wajen manoma, a kan alawus na naira 30,000 a wata. A nan ne da yawa suka yi tuntuɓe. Sun ɗauki shirin a matsayin aikin gwamnati, wasu har suka yi aure ko suka ci bashi da sa ran kuɗin wata-wata, alhali tun farko na wucin gadi ne, ba shi da fansho ba shi da ƙarin girma. An sallami rukunonin biyu a 2020, sannan a watan Oktoban 2023 aka dakatar da shirin domin bincike, wasu 'yan rukuni na uku suna bin bashin alawus. A shekarar ce kuma aka fito da 3MTT, shirin da ke da burin koya wa mutum miliyan uku fasahar kwamfuta.

Duk lokacin da aka buɗe irin wannan shiri, 'yan damfara kan riga hukuma isa wayoyin jama'a. Saƙo ne zai shigo ta WhatsApp ɗauke da hoton shugaban ƙasa da tambarin gwamnati, a ce "an buɗe fotal, gobe za a rufe, ku tura wa mutum goma". Mai dannawa sai a nemi lambar katinsa na ATM, da lambobin sirri, da lambar da banki ya turo masa yanzun nan. Wanda ya bayar, asusunsa ya tafi. Rajistar shirye-shiryen nan kyauta ce, kuma adireshin shafukan gwamnatin tarayya yakan ƙare da .gov.ng. Ɗan abin da mai shagon intanet zai karɓa ladan aikinsa ne, ba kuɗin fom ba. Shi kuwa mai cewa yana da "hanya" a Abuja in an ba shi na goro, gurbin da babu shi yake sayarwa.

Akwai kuma asarar da ba ɓarawo ke jawo ta ba. Idan sunan da ke BVN ya saɓa da na NIN, ko ranar haihuwa ta bambanta, biya kan maƙale. Gara a gyara tun kafin a cike fom. Haka nan a yi rajista da lambar waya da imel na kai, domin ta nan ake turo gayyatar tantancewa, kuma mutane da dama sun rasa gurbi saboda saƙon ya faɗa akwatin mai shago.

Kayan sana'ar da ake rabawa a ƙarshen horo, keken ɗinki ko injin markaɗe ko na'urar walda, su ne ainihin jarin. Akan ga dillalai sun yi cirko-cirko a bakin ƙofar wurin taro suna taya su da rabin kuɗi, kuma ba kasafai hukuma kan sake ba mutum ɗaya kaya karo na biyu ba.