Yadda A Ke Haɗa Waƙa A Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya ke nan bara ya san kunyar da muka sha a kan waƙoƙin nan shida da muka shirya domin koya wa yara lissafi da tsabta. Ajinmu ya yi karo-karo, muka yi mako uku muna gwaji, sa'an nan muka ajiye wayar hannu guda bisa tebur a ɗakin sujada, muka rera. Da na kunna wa yara a makarantar da na je gwajin koyarwa, ba abin da su ke ji sai ganga. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Turanci su ke yi?" To, ni na riƙe kuɗin, ni kuma na ce waya ta isa, sabo da haka na ƙudura sai na gano inda muka kuskure.

Na yi hutu a Fatakwal wurin kawuna mai sayar da albasa. Kowace Laraba mu kan tafi Kasuwar Oil Mill a Rumukwurushi, bakin hanyar Aba, gama ran nan ta ke ci. Bayan rumfunan mutanenmu akwai wani saurayi Bakatsine da ɗan shagonsa. Aikinsa zuba wa mutane waƙa a waya, da ɗaukar tallar masu magani wadda su ke sawa a lasifika. Abin mamaki, duk hayaniyar kasuwar nan, ko daga nesa kana jin kowace kalma ta tallarsa. Na gaishe shi, na kunna masa namu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba Malam! Kun zuba tuwo da miya da ruwan sha a ƙwarya ɗaya, wa zai raba muku?"

Watau ga asirin: ba a ɗaukar waƙa gaba ɗaya. Ganga a kan ɗauke ta dabam, fiyano dabam, mai ba da waƙa dabam, 'yan amshi dabam. Kowane ɗaya ana ce da shi layi. In ganga ta cika ƙara sai a rage layinta, sauran na nan yadda su ke. A dā wannan aikin manyan injuna ne masu tsada. Ko mawaƙan nan na Ingila, Beatles, da rikoda mai layi 4 suka yi faifansu na 1967. Yanzu kuwa ƙaramar kwamfuta tana ba ka layi iyakar abin da ƙarfinta ya ɗauka, muddin ka sa mata manhajar da ta dace.

Nan fa zaɓe ya ke. Na tambaye shi wacce ta fi kyau, ya ce tambayar banza ce, kamar a ce tsakanin fartanya da lauje wanne ya fi. Shi uku ya ke aiki da su.

Ta fari FL Studio, ta wani kamfanin Beljiyam mai suna Image-Line. Sunanta na asali FruityLoops, a 2003 aka sake mata suna. Gwana ce wajen shirya kiɗa: akwai 'yan akwatuna a jere, ka danna wannan ka tsallake wancan, sai ga bugun ganga ya fito. Akwai ta gwaji wadda a ke saukewa kyauta, amma da sharaɗi. Za ka iya fitar da sautin da ka yi, amma in ka ajiye aikin ka rufe, ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka biya. Sabo da haka in ta gwaji gare ka, ka gama kiɗanka a zama ɗaya.

Ta biyu Audacity, kyauta ce ɗungum, ta fito a 2000 daga aikin mutum biyu a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka. Ita ce tsintsiyarsa. Shagonsa na kusa da janareto, to kafin mai talla ya buɗe baki ya kan bar makirufo ya ɗauki gurnanin injin shi kaɗai na 'yan daƙiƙu. Sai ya nuna wa Audacity wannan gurnani, ita kuwa ta bi layin duka tana rage shi. Amma fa in ka matsa mata, murya kan koma kamar mai magana cikin tulu.

Ta uku Reaper, wadda ta fito a 2006, a nan ya ke yin haɗin kansa. Ƙarama ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Ana gwada ta kwana 60, bayan haka makaranta ko mai ƙaramar sana'a ya biya dala 60. Akwai manya irin su Cubase ta Jamus, wadda ke nan tun 1989, da Pro Tools, amma a ganina ɗalibin da bai iya hawan jaki ba bai kamata ya ci bashin doki ba.

Yaya a ke ɗauke aiki daga wannan zuwa waccan? Ka fitar da kowane layi shi kaɗai, dukansu su fara daga wuri ɗaya, ko da layin shiru ne a farkonsa. In ba haka ba za ka kwana kana jan amshi gaba da baya. Ka fitar da su a WAV, kada a MP3. Minti guda na WAV ya kan ci wajen megabayit 10, na MP3 wajen 1, kuma ragowar ba ɓoye ta aka yi ba, zubar da ita aka yi. MP3 sai a ƙarshe, sa'ad da za a raba wa mutane.

Wajen haɗin ne na fi daɗewa. Kunnen mutum na jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Ganga da kaurin fiyano suna ƙasa, caki yana can sama, murya tana tsakiya. Ya ce in duba kasuwa: masu doya da wurinsu, masu gwanjo da nasu, in kowa ya baje a hanya ba mai wucewa. Abin da ke ba kowa rumfarsa shi ne ikwalaiza. Da ita ya yanke duk abin da ke ƙasa da 100 a layin murya, gama ba kome can sai iska da motsin ƙafa. Ya ɗan rage fiyano wajen 3,000, inda baƙaƙen magana ke fitowa, nan da nan kalmomi suka bayyana, alhali bai ƙara wa murya ƙarfi ba ko kaɗan. Ni da na saba in ba a ji ba a ƙara, wannan ya ɗaure mini kai. Bayan haka ya sa kwamfuresa, mai danne wurin da mawaƙi ya yi ihu domin ya daidaita da inda ya sassauta. Ya tura 'yan amshi hagu da dama, ya bar mai ba da waƙa a tsakiya, ya ɗiga amsa-kuwwa kaɗan kamar gishiri.

Na roƙe shi kada ya sa mana Auto-Tune, abin nan na 1997 mai gyara muryar da ta kauce, wanda ya cika waƙoƙin finafinanmu. Ba na zargin masu so, amma yaro kwaikwayo ya ke yi, ba na kuwa so ya kwaikwayi inji.

Da ya gama bai amince da manyan lasifikunsa ba. Ya zuba waƙar a wata tsohuwar waya, ya ce in tafi bakin hanya wurin masu lodi in saurara. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da sautin ƙasa, ba ta kuma san hagu da dama ba, ita ce kuwa yaranmu za su ji. Sau uku ina dawowa yana gyara.

Abu ɗaya muka saɓa. Ya ce zai zuba mini manyan manhajojin nan duka, waɗanda aka fasa makullinsu, a kuɗin kwanon shinkafa. Na ce a'a. Ban da cewa kayan wani ne, irinsu kan zo da cutar kwamfuta, ga shi kuwa takardun jarrabawata duka suna ciki. Ya ce, "Malam ke nan!" muka rabu lafiya.

Waƙar da muka gwada da ita ni da 'ya'yan kawuna muka rera, gama tsohon ɗaukanmu ba ya gyaruwa. Watau shidan nan sai mun sake su daga fari, layi layi. Makirufo ɗaya ya isa, sai dai kowane mai rerawa ya sa abin kunne yana jin kiɗa, domin kada kiɗan ya koma cikin layin murya. Na sayo guda biyu a Oil Mill da sauran kuɗin aji. Za mu fara da masu ganga ran Asabar bayan karin kumallo, 'yan amshi kuma su zo da ƙarfe 11.