FINA-FINAN BAN TSORO: TSAKANIN MANYAN KAMFANONI DA MASU ƘARAMIN ƘARFI

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani abu da iyaye da malamai da yawa suka ɗauka wasan yara ne, watau fina-finan ban tsoro waɗanda samarinmu da 'yan matanmu ke turawa juna a waya. Daga Kamlin har Mai Wurno, da wuya a sami ɗan sakandare wanda bai taɓa kallon ko ɗaya ba. To, tun da abin ya riga ya shigo gida, ya kamata mu san ire-irensa, da masu yin sa, da kuma abin da yake zubawa cikin zukatan 'ya'yanmu.

Fina-finan nan kashi biyu ne. Akwai na manyan kamfanoni masu kuɗi da gidajen silima, akwai kuma na masu zaman kansu, waɗanda ke haɗa ɗan abin hannunsu su ɗauki fim a gida ko a daji. Bambancinsu ya wuce na kuɗi kawai, domin kowane kashi da irin tsoron da yake sayarwa.

KASUWAR MANYAN KAMFANONI

Tun a 1973, lokacin da kamfanin Warner na Amurka ya fitar da The Exorcist, labarin wata yarinya da shaiɗan ya shiga jikinta, manyan kamfanoni suka gane cewa tsoro haja ce mai riba. Abin da ya biyo baya shi ne maimaici. Alal misali, The Conjuring ya fito a 2013, sa'an nan aka dinga haifar masa 'ya'ya da jikoki, har kuɗin da jerin ya tara ya haura dala biliyan 2. Dabarar kusan ɗaya ce a kullum: a yi tsit na ɗan lokaci, sai a buga ƙara mai ƙarfi, fuska ta faɗo a allo, mai kallo ya zabura. Idan ya fita waje ya sha iska, shi ke nan, tsoron ya wuce.

Amma kuɗi ba ya sayen komai. A 2021 kamfanin Universal da abokan hulɗarsa suka biya kimanin dala miliyan 400 domin su sami izinin ci gaba da labarin The Exorcist, sai ga shi fim ɗin da suka fitar a 2023 bai gamsar da masu kallo ba, masu sharhi kuma suka yi masa ca.

Mu a nan Sudan mun fi sanin na Masar. Manya a cikinmu za su tuna Al-Ins wal-Jinn na 1985, inda Adil Imam ya fito a matsayin aljani mai son 'yar mutum. Sai kuma Al-Fil al-Azraq na Marwan Hamid a 2014, wanda kashi na biyunsa a 2019 ya tara sama da fam miliyan 100 na Masar. Waɗannan ma hajar manya ce, sai dai sun fi kusa da mu, domin aljanu da sihiri abubuwa ne da addininmu da al'adarmu suka san da su.

MASU ƘARAMIN ƘARFI

Wanda ba shi da kuɗin ƙera dodo da kwamfuta, dole ya nemi wata dabara, kuma sau da yawa dabarar talaka ta fi kaifi. A 1999 waɗansu samari biyu a Amurka suka fitar da The Blair Witch Project, labarin ɗalibai uku da suka ɓata a daji suna neman labarin wata mayya. Abin da suka kashe wajen ɗaukarsa bai kai dala dubu 100 ba, amma ya samo kusan dala miliyan 250. Abin mamaki, har fim ɗin ya ƙare ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya. Duhu ne kawai, da kukan yara daga nesa, da itatuwa da aka ɗaɗɗaure, sauran kuwa zuciyar mai kallo ce ke ƙarasawa. Kakanninmu mata sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa mai tatsuniya ba ta tsayawa siffanta Dodo dalla-dalla, sai ta ce ya taho yana nishi, yara su ƙanƙame juna.

Haka Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity a cikin gidansa da dala dubu 15, aka fara nuna shi a 2007. Da kamfanin Paramount ya ga akwai riba sai ya karɓe shi ya baza a 2009, ya samo sama da dala miliyan 190, daga nan kuma aka shiga maimaita shi har ya gundiri mutane. Wannan ita ce al'adar kasuwar: ƙanana su share gona, manya su zo girbi.

A Nijeriya ma haka abin ya faro. Living in Bondage na 1992, wanda Kenneth Nnebue ya shirya a kaset na bidiyo cikin harshen Ibo, labari ne na mutumin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, fatalwarta kuma ta hana shi sakat. Da wannan fim ne ake ƙirga mafarin kasuwar bidiyo ta kudancin ƙasar. A Kano kuwa, inda aka fara da Turmin Danya a 1990, soyayya da waƙa irin ta Indiya ce ta rinjayi kasuwa, labarin aljanu da bokaye ya zama na jefi-jefi.

TSORON DA MUKA SANI

Akwai fina-finai biyu da nake so masu karatu su riƙe sunayensu, domin sun taɓa ƙasarmu. Na farko shi ne His House na 2020, wanda Remi Weekes ya shirya a Ingila. Miji da mata ne, Bol da Rial, suka gudu daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka ƙetare teku a kwale-kwale, aka ba su wani tsohon gida a wajen birnin Landan, aka kuma gargaɗe su kada su kuskura su bar shi. Da dare sai su riƙa jin motsi cikin bango. Matar ta ce apeth ne, watau mayen dare a al'adar Dinka, ya biyo su karɓar bashi. Bashin kuwa shi ne wata yarinya da mijin ya ɗauke ya ce 'yarsu ce, domin a ba su wuri a motar da ke kwashe masu gudu, daga baya ta nutse a teku. Duk wanda ya bar gidansa tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ko ya fita daga Madani a Disamban wannan shekara da 'ya'ya a hannu, ba ya bukatar a fassara masa wannan fim. Tsoron da ke ciki shi ne na wanda ya tsira alhali wani bai tsira ba.

Na biyu shi ne Satamutu fil-Ishrin na Amjad Abu Alala, wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na Banis a ƙasar Italiya a 2019. Ba a lissafa shi cikin fina-finan ban tsoro, babu fatalwa ko jini a ciki, amma a wani ƙauyen Jazira aka kafa labarin. An kai jariri Muzammil wurin shehi a sa masa albarka, wani darwishi yana ƙirga ya faɗi a kan ashirin, sai gari duka ya yanke cewa yaron ba zai wuce shekara ashirin ba. Uwarsa ta shiga baƙaƙen kaya tun yana raye, yara suna kiransa ɗan mutuwa. Abin tsoro a nan shi ne bakin mutane, da yadda magana guda ke iya binne yaro da ransa.

HATTARA DAI

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da ƙaramin kamfani ya yi alheri ne. A 1999 aka fitar da End of the Wicked a kudancin Nijeriya, wanda ya nuna ƙananan yara a matsayin mayu, kuma masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna cewa irin wannan fim ya taimaka wajen tsangwamar yara a yankin Akwa Ibom. Fim ɗin da ya nuna wa jama'a tsohuwa, ko maraya, ko baƙo, ya ce ga dodonku nan, ya fi na Amurka haɗari nesa ba kusa ba. Mu da muka ga abin da ya auku a Rusairis da Damazin a 2022 mun san inda nuna yatsa ke kai al'umma.

Saboda haka ina kira ga iyaye da 'yan'uwana malamai, kwace waya kaɗai ba ya magani. A tambayi yaro abin da ya kalla, a tambaye shi wane ne aka mayar abin tsoro a ciki, kuma don me. Ƙananan yara kuwa, musamman waɗanda suka kwana cikin ƙarar harsashi, a nisanta su da waɗannan fina-finai gaba ɗaya, domin abin da ke cikin zukatansu ya ishe su.

Ga samarinmu masu sha'awar wannan sana'a kuma, ga fili ga mai doki. Gidajen silima na ƙasar nan sun daɗe da durƙushewa, kamar yadda fim ɗin Suhaib Gasmelbari na 2019 ya nuna dattawa huɗu suna fafutukar buɗe guda ɗaya a Umdurman abin ya faskara. Amma wayar da ke aljihunku tana iya ɗaukar fim, labarai kuwa muna da su jibge: ba'ati da maƙwabtanmu ke ba da labarinsa, da Dodo da Doguwa na kakanninmu, da abin da ya sami waɗanda suka tako daga Burmi bayan 1903 suka bar kaburbura a kan hanyar Makka. Ku je wurin tsofaffi ku rubuta tun suna raye, ku kuma kiyaye mutuncin addini da na maƙwabci a duk abin da za ku ɗauka.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, amin.