ƘASAR KURMI BA IRIN TA GIDA BA CE: JAN KUNNE GA MASU LAMBU

Duk wanda ya zaga unguwannin da 'yan Arewa suke zaune a Ikko da Badun da Shagamu, da wuya ya rasa ganin ɗan lambu a bayan gida, ko a bakin rafi, ko a wani fili da mai shi bai tashi gini ba tukuna. Alayyafo ne, da latas, da kuɓewa, da barkono, da yakuwa. Wani cefanen gida yake ragewa, wani kuwa da wannan lambu yake biyan kuɗin haya har ya aika wa iyali wani abu a gida.

To amma sau da yawa akan ji kuka iri ɗaya. Mutum ya tashi cikin noma tun yana yaro, ya zo Kudu ya yi shuka kamar yadda ya gada, sai ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe, tsutsa ta cinye abin da ya saura. Ya sayi taki ya zuba, ya sayi magani ya fesa, kuɗi ya tafi, amfani bai zo ba. Galibi ba iri ne da laifi ba. Ƙasar ce ba a san halinta ba, kuma an kashe ma'aikatan da Allah ya ajiye a cikinta.

RUWA NE YA RABA SU

Ruwan saman da ake samu a Ikko cikin shekara ya kai ninki biyu na wanda ake samu a Kano. A Kudu damina takan kama tun watan Maris ko Afrilu, ta ɗan tsagaita cikin Agusta, sa'an nan ta koma har Oktoba. Wannan yawan ruwa yakan wanke gishirin ƙasa, watau abincin shuka, ya gangara da shi can ƙasa inda saiwa ba ta kai. Shi ya sa ƙasar Kurmi takan yi tsami, kuma duk kyan da ake gani a jikinta yana 'yar fatar sama ne, inda ganyaye suka ruɓe. Da an share wuri ƙwal aka bar shi ga rana da ruwa, sai ƙarfinsa ya tafi nan da nan.

Cibiyar binciken noma ta IITA da aka kafa a Badun cikin 1967 ta daɗe a kan wannan magana. Wani masani ɗan asalin Indiya, Rattan Lal, wanda ya yi aiki a can daga 1970 zuwa 1987, ya nuna cewa rufe ƙasa da ciyawa ko karan amfanin gona yana hana zaizaya, yana kuma riƙe danshi. Saboda haka sharar da manomi ya saba ƙonewa, gara ya shimfiɗa ta tsakanin shuka.

Haka kuma mai lambu a fadamun Arewa ya saba da fangali mai zurfi don ya tare ruwa. A Kudu, cikin damina, fangali kabarin shuka ne. Kunya mai tudu ake bukata, da hanyar da ruwa zai wuce. In rani ya yi, a koma wa fangali.

YADDA AKE GANE ƘASA

Ba sai an je ofis ba. A ɗebi ƙasa a jiƙa, a mulmula a hannu. In ta wargaje, jigawa ce, ba ta riƙe ruwa ko taki, sai a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai. In ta miƙe kamar igiya har ta lanƙwasu ba ta karye ba, laka ce, tana riƙe ruwa fiye da kima. Wadda ta dunƙule amma ta farfashe da an taɓa ta, ita ce ake nema.

Maganin jigawa da laka ɗaya ne, watau ruɓaɓɓen taki. Mutanen karkarar Kano sun daɗe da sanin haka, tun suna jigilar takin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu. A Kudu ma akwai kashin shanu a kara da mayanka, ga kashin kaji a gidajen kiwo. Sai dai kashin kaji ɗanye yakan ƙone shuka, tilas a tara shi ya yi makonni ya huce. Garin katako ɗanye kuwa, in an cuɗa shi da ƙasa, ƙwace abincin shuka yake yi kafin ya ruɓe. Tokar murhu tana rage tsami, amma kaɗan ake barbaɗawa, kuma ba a haɗa ta da takin zamani na yuriya. A kuma yi hattara da ƙasar bolar birni, domin inda aka zubar da tsohon batir da baƙin mai, guba takan shiga ganyen da yara za su ci.

Akwai wani abu da yake ruɗa mutane. In an tuge wake ko gyaɗa aka ga ƙananan ƙulli a jikin saiwa, masu ja-ja a ciki, masu saurin ɓallewa, wannan alheri ne, taki suke ƙara wa ƙasa. Amma in saiwar tumatir ko kuɓewa ce ta kumbura ta yi gudaji-gudaji, wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Sai a huta da shuka su a wurin, a sa masara.

MA'AIKATAN DA BA A BIYA

Na farko ita ce tana. Tulin ƙasar da take turowa sama da safe alama ce ƙasa tana da rai, ramukanta kuwa su ne hanyar iska da ruwa. Buzuzu yana binne kashin dabbobi. Zanzaro, da ake rushe wa ɗaki a jikin bango, tsutsa yake kamowa ya cusa wa 'ya'yansa. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da kwaɗo farauta suke yi dare da rana. Ɗan ƙwaron nan ja mai sheƙi, mai ɗigon baƙi a baya, darɓa yake ci. Amma yana da wani ɗan'uwa maras sheƙi, mai gashi-gashi, wanda shi ganyen kabewa yake kankarewa, sai a lura. Ita kabewa, da kankana, da kokwamba, furensu akwai namiji akwai mace, in ƙudan zuma bai haɗa su ba, 'ya'yan sai su kaɗe tun suna ƙanana.

Wanda yake raina aikin ƙwaro, ya tuna labarin rogo. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka, ya auka wa rogo har aka ji tsoron yunwa. Masana suka bi sawunsa zuwa ƙasarsa ta asali, suka samo wata 'yar mitsitsiyar rina mai yin ƙwai a jikinsa. Cikin 1981 aka sake ta a Badun, ta bazu ƙasashe da yawa, rogo ya farfaɗo ba tare da feshi ba. Hans Herren, mutumin Suwizalan da ya shugabanci aikin, an ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya cikin 1995.

GARIN NEMAN ƘIBA

Maganin feshi bai san abokin manomi ba, bai san maƙiyinsa ba. In an fesa, duka suke mutuwa, kuma maɓarnatan su suke riga dawowa, domin sun fi saurin haihuwa, su tarar ba mai cin su. Nan ne mai lambu zai ƙara feshi, ya ƙara asara. Gamalin 20 da aka sani a gonakin koko, sinadarin da ke cikinsa an hana amfani da shi a noma ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta Stockholm tun 2009. Maganin sauro da na kyankyaso kuwa ba na ganyen miya ba ne ko kaɗan.

A ƙaramin lambu, hannu ya isa tsince tsutsa da sassafe. In abin ya yi yawa, a daka 'ya'yan dogon yaro a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma bayan ƙudan zuma ya koma gida. In kuwa ya zama dole a sayi magani, a nemi malamin gona ya karanta takardar, a kuma cika kwanakin da aka ce kafin a yanki ganye a kai kasuwa. Mai saye amana ya ba mai lambu, kuma cikin masu ci har da iyalinsa.

Baƙon da ya zo gari yakan tambayi halin mutanensa kafin ya kafa bukka. To ita ma ƙasa haka take. Kafin a sayi buhun taki ko kwalbar magani, a fara tona taki ɗaya a ga abin da ke ciki.