Sana'ar Malamin Firamare: Riƙon Aji Shi Ne Rabin Aiki

Kowane mai sana'a yakan shiga kasuwa ya zaɓi kayan aikinsa, amma ban da malamin firamare. Duk yaron da aka rubuta sunansa a rajista nasa ne: mai kaifin ƙwaƙwalwa, mai ƙiriniya, mai kunya, da wanda ya fito gida bai karya kumallo ba. Ana miƙa masa ɗan shekara 6 da bai iya riƙon fensir ba, ana jiran ya mayar da yaron da ya iya karatu da lissafi, ya kuma san girman na gaba.

Kafin ya riƙi alli, sai ya yi shekara 3 a kwalejin ilimi, kamar ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko ta Aminu Saleh da ke Azare, ya sami shaidar NCE, sannan ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN da aka kafa a 1993. A takarda, malami ɗaya yara 35 zai riƙe. Amma tun da aka ƙaddamar da shirin ilimi na bai ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, yara suka yi ta ƙaruwa, azuzuwa ba su ƙaru daidai da su ba. A birane irin su Kano, ba abin mamaki ba ne ka tarar da aji mai yara sama da 100, wasu a benci, wasu a ƙasa.

A nan ake gane gwani. Tun da dare yake rubuta shirin darasi, domin ya san duk minti ɗayan da ya ɓata yana lalube, surutu ne zai cike shi. Da safe ya kira suna, ya sa gajeru a gaba, ya raba aminan da ba sa zama wuri ɗaya ba tare da hira ba. In yana rubutu a allo, ba ya ba aji baya gaba ɗaya. Yakan tsaya a karkace, hannu na rubutu, ido na kan layin ƙarshe. In hayaniya ta tashi, ba ya ɗaga murya. Sai ya yi shiru, ya kafa wa wuri ɗaya ido, ya kira sunan yaro ɗaya, sauran su nutsu. Mai ƙiriniyar da ya gagari kowa kuwa, shi yake ba gogar allo da rabon littattafai, wani lokaci har ya naɗa shi manita.

Mafi wuyar lokaci shi ne bayan an dawo daga tara: zafi, ƙishirwa, da ƙorafin "Malam, ya ɗauke mini biro!" Gogaggen malami ba ya gaggawar ɗaukar bulala ko sa tsallen kwaɗo, sai ya nemi dalili. Yarinyar da ke gyangyaɗi wataƙila talla ta kai ta dare. Yaron da ba ya kwafar rubutu wataƙila ba ya hango allo ne. Mai fashi ranar kasuwa ko da damina, gida ne suka riƙe shi. Bulala na kawo shirun ɗan lokaci, amma sanin halin yaro shi ke gyara shi.

Ladan wannan wahala ba shi da yawa. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ba ko'ina malaman ƙananan hukumomi suka gan shi a kan lokaci ba. Daga ciki ake cire kuɗin mota, jan biro, sau da yawa har da alli. Shi ya sa za ka ga malami yana haɗawa da noma, ɗinki ko lesin ɗin yamma. Ribarsa ta gaskiya ita ce ranar da ɗan aji 6 ya ci jarrabawar shiga sakandare.

Iyaye, ku riƙa leƙa makaranta tun kafin a kira ku. Ku ba yaro abin kari, ku sallame shi da wuri, kuma in malami ya tsawata masa, ku bincika kafin ku yi fushi. Tarbiyya ba ta tsayawa sai gida da aji sun yi magana da baki ɗaya.