Ƙaramar Mujiya Mai Ido Huɗu

Cikin tsuntsaye masu farauta na ƙasarmu ta Lafagu, har zuwa iyakar Benin, akwai wata ƙaramar mujiya wadda ba ta kai kurciya tsawo ba. Tsawonta kamar inci 7 ne ko 8. Jikinta ƙasa-ƙasa ne da ɗigo-ɗigon fari, idanunta rawaya. A ƙeyarta akwai baƙaƙen tabo biyu kamar idanu, saboda haka wanda ya biyo ta baya sai ya zaci kallonsa take yi.

Ta bambanta da yawancin 'yan'uwanta, domin takan fito ko da rana. Takan sauka a reshen ɗorawa ko tsamiya ta yi tsit, in ta hangi fara, ko ƙadangare, ko ɓera, sai ta faɗo masa da farce. Har ƙananan tsuntsaye takan kama, shi ya sa da sun gan ta sai su taru suna yi mata tsiya. Abin da ake nufi ke nan in an ce an mai da mutum mujiya.

Ba ta yin sheƙa. A kogon itace take saka fararen ƙwai 2 zuwa 4, ta yi kwanci kamar wata guda.

Mutane da yawa suna camfa kukanta, yara kuma suna harbinta da danƙo. To, 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, wanda ya kashe ta ya yi wa ɓeran rumbunsa gata. Mu bar ta ta yi mana gadi.