Ko Ka San Akwai Kuregen Da Jikinsa Ke Fin Ƙanƙara Sanyi?

Da zarar zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, hankalin likita tashi yake yi. To akwai wani kurege a Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, da nasa ke sauka ƙasa da sifiri, kuma lafiyarsa ƙalau.

Dangin kuregenmu na daji ne, shi ma ɗan rami, sai dai namu bai san dogon barcin hunturu ba. A watannin ɗumi zafin jikinsa yana wajen digiri 37, daidai da namu, zuciyarsa kuwa tana bugawa sau 200 zuwa 300 a minti, alhali ta baligin mutum ba ta cika wuce 60 zuwa 100 ba. Sanyi na kawo kai sai ya shige rami, ya dunƙule, ya lulluɓa da wutsiya, ya yi wata bakwai zuwa takwas. Bugun zuciya ya koma ƙasa da goma a minti, numfashi sai jefi-jefi.

A shekarar 1989 Brian Barnes na Jami'ar Alaska da ke Fairbanks ya wallafa a mujallar Science cewa ya auna zafin cikin irin wannan kurege ya kai digiri 2.9 ƙasa da sifiri, jinin kuma bai zama ƙanƙara ba. Kai da wuya kuwa suna tsayawa a bakin sifiri ko sama kaɗan. Duk mako biyu zuwa uku sai ya kama makyarkyata, yana ƙona wani kitse mai ruwan ƙasa da ke jikinsa, har zafi ya dawo daidai. Ba ya cika kwana guda a haka, sai ya sake sanƙarewa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai yana cikin jinin ne. Jinin da ke tafiyar hawainiya haka ya kamata ya yi gudaji ya toshe jijiya. Amma an gano a wani kurege ɗan'uwansa mai zane 13 a baya cewa ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, kusan kashi 90 cikin 100 janyewa suke yi daga magudanar jini lokacin barcin. Yana farkawa, cikin 'yan sa'o'i sun dawo. Masu binciken shanyewar ɓarin jiki da masu neman hanyar adana sassan dashe suna bibiyar wannan, kuma sun yi gaskiya.

Auna jini da bugun zuciyar kuregen da aka kamo a daji ma aiki ne. Tsoron tarko kaɗai na haukata zuciyarsa, ya ɗaga sukarin jininsa. Shi ya sa mai bincike nagari ke rubuta watan da aka kama kuregen, da daɗewarsa a tarko, kafin ya ce wani adadi shi ne na lafiya.