Izinin Tafiya ta Intanet: Wa Yake Bukatarsa, Yaya Ake Nemansa?

A 'yan shekarun nan 'ya'yanmu da yawa sun tafi ƙasashen waje, musamman Birtaniya, waɗansu karatu, waɗansu aikin jinya ko kula da tsofaffi. Idan aka yi haihuwa a can, ko ɗa ya gama karatu, sai a so uwa ko uba su je. A kan haka ne wata magana take yawo a garuruwanmu, wai yanzu an daina neman biza, wai akwai wani izini da ake samu ta waya cikin 'yan mintoci, ana ce da shi ETA.

Akwai gaskiya a cikin maganar, amma rabinta ce. Izinin yana nan, yana da araha, ana kuma samunsa da sauri. Sai dai ba kowane fasfo ake ba shi ba, fasfon Nijeriya kuwa ba ya cikin waɗanda Birtaniya take ba su. Wanda bai san wannan ba yana iya sayar da hatsinsa ko awakinsa ya miƙa wa ɗan damfara. Domin haka muka ga ya kamata mu bayyana abin dalla-dalla, yadda kowa zai san abin da fasfonsa yake bukata kafin ya fitar da ko kwabo.

Menene wannan izini?

Kowace ƙasa takan kasa baƙinta kashi biyu. Akwai waɗanda dole su nemi biza kafin su zo, akwai kuma waɗanda aka yafe musu biza idan gajeriyar ziyara ce. A dā, mutanen kashi na biyu tikiti kawai suke saya su hau jirgi. Sai sun sauka ne jami'an shige da fice za su fara sanin ko su wane ne. Idan an ga matsala, daga filin jirgin za a mayar da mutum. Gwamnatoci suka ga gara su san mai zuwa tun yana gidansa. Sai suka ce wanda aka yafe wa biza ya aiko da bayanansa ta intanet, ya biya kuɗi kaɗan, a bincika sunansa, sa'an nan a ce masa ya taso.

Ostareliya ce ta fara wannan tsari a 1996. Amurka ta wajabta nata, mai suna ESTA, a watan Janairu na 2009. Kanada ta biyo baya a 2016. Birtaniya ta soma a 2023 da 'yan ƙasar Katar, a Janairun 2025 ta haɗa da 'yan Amurka, Kanada, Ostareliya da waɗansu ƙasashe, a Afrilun 2025 kuma ta haɗa da 'yan ƙasashen Turai.

Ba takarda ake ba mutum ba, ba a kuma buga hatimi a fasfo. Izinin yana cikin kwamfutar gwamnati, a haɗe da lambar fasfo. Kamfanin jirgi yakan duba tun kafin fasinja ya shiga. Idan kwamfuta ba ta nuna izini ba, ba za a bar shi ya hau ba, ko da ya biya tikiti.

Wa yake bukatarsa?

Fasfon da ke hannun mutum ne yake yanke wannan magana. Wurin zamansa, ko yawan kuɗinsa, ko wanda ya gayyace shi, ba sa canza kome.

Mai fasfon Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru ko Chadi, biza yake bukata domin shiga Birtaniya. Ba zai iya samun ETA ba. Haka yake da Amurka: ƙasashen da ta yafe wa biza sun ɗan haura 40, babu ko ɗaya daga Afirka. Isra'ila ma ta wajabta irin wannan izini a Janairun 2025 ga waɗanda ta yafe wa biza, amma masu zuwa ziyarar ibada daga Nijeriya biza suke nema.

To, me ya haɗa mu da shi? A cikin danginmu akwai masu fasfon waɗansu ƙasashe. A ce jikarmu da aka haifa a Amurka, tana da fasfon Amurka, za ta je wurin goggonta a Landan. Ita tana bukatar ETA. Kakarta da za ta taso daga nan su haɗu a can, biza za ta nema. Gida ɗaya za su sauka, amma hanyar kowa dabam ce.

Akwai kuma waɗanda ba sa bukatarsa sam. Wanda ya riga ya sami biza ko izinin zama a Birtaniya ba ya nemansa. Wanda ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, ko da yana riƙe da fasfon Nijeriya ma, hanya mafi sauƙi ita ce ya shiga da fasfonsa na Birtaniya.

Mu lura kuma cewa dokokin nan suna canzawa. Kenya ta soke biza a Janairun 2024, ta ce kusan kowane baƙo ya nemi izini ta intanet, har da 'yan Nijeriya. A 2025 sai ta ɗauke wa 'yan ƙasashen Afirka wannan nauyi, ban da Somaliya da Libiya. Saboda haka labarin wanda ya yi tafiya shekara biyu da suka wuce bai isa a dogara da shi ba. A duba shafin gwamnatin ƙasar da za a je, a kowace tafiya.

Yadda ake nema

Bari mu bi na Birtaniya mataki-mataki, domin na sauran ƙasashe ma kusan haka yake.

1. A shiga ta ƙofar gaskiya. Hanya biyu ce kawai: manhajar waya mai suna UK ETA, ko shafin gwamnatin Birtaniya, wanda adireshinsa yake ƙarewa da gov.uk.

2. A tanadi kayan aiki: ainihin fasfon da za a yi tafiya da shi, adireshin imel da ake iya buɗewa, da katin banki da yake biya ta intanet.

3. A ɗauki hoton shafin fasfo mai ɗauke da suna da hoto. Idan ta manhaja ce, za a ce a ɗora waya a kan fasfon domin ta karanta bayanan da aka adana a cikinsa.

4. A ɗauki hoton fuska a wuri mai haske, kusa da bango marar zane, ba tare da wani ya shigo cikin hoton ba.

5. A amsa tambayoyi: adireshin gida, sana'a, ko mutum yana da wata ƙasa ta biyu, da ko kotu ta taɓa hukunta shi. A faɗi gaskiya.

6. A sake karanta kome kafin a aika. Harafi ɗaya a suna ko lamba ɗaya a fasfo idan ta kuskure, izinin ba zai dace da fasfon ba, sai an sake nema an sake biya.

7. A biya. Da farko fam 10 ne, a Afrilun 2025 aka mai da shi fam 16. Kuɗin yana canzawa, a bi abin da shafin gwamnati ya nuna. Ba a mayar da kuɗin ko da an ƙi ba da izinin.

Amsa takan zo ta imel. Mutane da yawa suna samu cikin mintoci, amma gwamnati ta ce a ba ta kwana 3 na aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara a nema tun kafin a sayi tikiti.

Kowane mutum da nasa izini, har jariri na goye. Ana iya cika wa wani, kamar uwa ta cika wa 'ya'yanta. Izinin yana aiki shekara 2, ana iya shiga da fita sau da yawa a cikinsu. Amma idan fasfo ya ƙare, ko ya ɓata aka yi sabo, izinin ya mutu tare da tsohon fasfo, sai a nemi wani.

Abin da izinin ba ya bayarwa

Mai ETA yana iya ziyartar dangi, yawon buɗe ido, halartar taro ko gajeren kwas, har tsawon wata 6. Ba shi da damar kama aikin albashi a wani kamfani, ko zama na dindindin, ko karɓar tallafin gwamnati, ko ɗaura aure a can. Samun izinin kuma bai tabbatar da shiga ba. Jami'in shige da fice na filin jirgi yana da ikon yin tambayoyi, yana kuma da ikon hanawa. Wanda aka ƙi ba shi ETA ba shi da wurin ɗaukaka ƙara, sai dai ya nemi biza.

Idan fasfon Nijeriya ne a hannunmu

Hanyarmu ta fi tsawo, amma a fili take. Ana cika fom ɗin bizar ziyara a shafin nan na gov.uk, a biya kuɗi. A 2025 kuɗin bizar wata 6 fam 127 ne. Bayan haka mutum ya je da kansa cibiyar karɓar takardun biza, kamar ta Abuja ko ta Legas, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Zai nuna dalilin tafiya, wanda zai ɗauki nauyinsa, da abin da zai komo da shi gida, kamar iyali, gona ko aiki. Ana iya nema tun wata 3 kafin tafiya, amsa kuma takan ɗauki wajen mako 3.

Akwai abu guda da yake rikita mutane. Birtaniya ta koma ajiye biza a kwamfuta maimakon liƙa ta a fasfo, suna kiranta eVisa. Sunan ya yi kama da ETA, amma cikakkiyar biza ce, sai an bi dukan matakan da muka ambata kafin a same ta.

Kada mu yarda wani ya sa mana takardar banki ta ƙarya ko wasiƙar gayyata ta jabu. Idan aka gane, ana iya hana mutum shiga Birtaniya har shekara 10. Sunan da ke kan fom ɗin ne zai ɗauki hukuncin, wanda ya cika kuwa ya riga ya ci kuɗinsa ya yi gaba.

Alamun damfara

Masu damfara sun san yawancinmu ba mu saba da waɗannan abubuwa ba. Ga alamun da ya kamata su sa mu ja da baya:

• Ya ce zai samo wa mai fasfon Nijeriya ETA ko ESTA.

• Ya ce da wannan izini za a sami aiki a can.

• Ya ce yana da mutum a ciki, ko ya yi alkawari cewa ba makawa za a samu.

• Ya ce a tura kuɗi cikin asusunsa na banki, ko a biya yau-yau kafin dama ta wuce.

• Ya nemi a bar masa fasfo a hannunsa.

• Ya kawo takarda mai tambari da hatimi ya ce ita ce izinin, alhali izinin ba takarda ba ne.

Akwai kuma shafuffukan intanet da aka yi su kamar na gwamnati, har da tuta da tambari. Waɗansu sukan nema wa mutum izinin amma su ninka kuɗin sau da yawa. Waɗansu kuɗin kawai suke kwashewa tare da bayanan fasfo da na katin banki. Sau da yawa su ne suke fitowa a sama idan an yi bincike a Google, domin sun biya kuɗin talla. A duba ƙarshen adireshin da kyau.

Idan alkawarin tafiyar ya haɗa da aiki, musamman ga 'yan mata da samari, aka kuma ce kada a gaya wa kowa, hatsarin ya wuce na asarar kuɗi. A sanar da hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, ko ofishin Hukumar Shige da Fice da ke babban birnin jiha.

Abin da za mu iya yi tare

Ba kowa ne a cikinmu yake karanta Turanci ko yake da babbar waya ba, wannan kuwa ba abin kunya ba ne. A kowane gari akwai malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti ko ɗalibi da zai iya buɗe shafin gwamnati ya karanta. Mu zaɓi mutum biyu ko uku masu aminci, kowa ya san su, domin duk wanda aka kawo masa maganar tafiya ya fara zuwa wurinsu kafin ya biya. Idan a shagon kwamfuta za a cika fom, mai fasfo ya zauna a wurin, a karanta masa abin da aka rubuta, a yi amfani da imel nasa ko na ɗansa, ya kuma tashi da fasfonsa a hannu. Wanda aka taɓa cuta, kada mu yi masa dariya. Labarinsa ne zai tsare na baya. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Su wane ne a garinmu suke da dangi a ƙasashen waje? Sun san bambancin biza da izinin tafiya ta intanet?

• Wa mutanenmu suke zuwa wurinsa idan suna son tafiya? Yaya muka san shi mai gaskiya ne?

• Me yake hana wanda aka damfara ya faɗa? Yaya za mu sauƙaƙa masa?

• Su wa za mu zaɓa su riƙa duba mana irin waɗannan bayanai, yaushe kuma za mu sanar da sunayensu ga jama'a?